Wa Ya Ƙyasta Ashanar?

 Da ku nake, jama'a masu sauraro, daga nan Kukuo a Tamale har Aboabo da Sabonjida da Zango, da duk inda muryar nan ta kai.

Yau a kan wani ɗan littafi zan yi magana, da ƙurar da ya tayar mana a majalisarmu ta shayi. Kwafi ɗaya ne tak. Wani ƙanenmu ya tsinto shi wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi cikin gari, a kuɗin da bai kai na kwano biyu na wake da shinkafa ba. Bangonsa ya rabu an liƙe shi da salatif, takardunsa sun yi ja kamar an jiƙa su a ruwan goro. Cikin wata biyu na hunturun bana ya zaga hannun mutum shida, ta bakwai kuwa ba ta karanta Turanci, 'yarta ce ta riƙa fassara mata bayan isha'i. Ya dawo hannuna da tabon manja a shafi guda, da rubutun biro kala uku a gefen shafuka, kowa yana mayar wa ɗan'uwansa martani. Wannan rubutun na gefe ya fi littafin kansa ba ni aiki.

Sunansa Fahrenheit 451, wani Ba'amurke mai suna Ray Bradbury ya fitar da shi a 1953. Lambar nan zafin da aka ce takarda ke kamawa da wuta ne, wajen digiri 233 a ma'aunin da muka saba ji a rahoton yanayi. Labarin wata ƙasa ce a wani zamani mai zuwa, inda aka haramta mallakar littafi. Gidaje a can ba sa cin wuta, don haka aka sauya wa 'yan kwana-kwana aiki: tiyonsu kananzir yake fesawa, kuma da an tsegunta musu cewa wane yana ɓoye littattafai, sai su ɗau mota su je su banka musu wuta. Montag, wanda labarin ke bi, ɗaya ne daga cikinsu, kuma yana jin daɗin aikinsa. Matarsa Mildred tana zaune tsakanin bango uku da duk talabijin ne, tana matsa masa ya sayo na huɗu, kunnuwanta kullum a toshe da wasu 'yan ƙananan rediyo. Wata yarinya maƙwabciya, Clarisse, mai shekara 17, ita ta fara jefa masa tambayoyin da suka hana shi barci. Sannan wata rana suka je gidan wata tsohuwa, ta ƙi fita ta bar littattafanta, ta ƙyasta ashana da hannunta ta ƙone tare da su. Daga nan Montag ya shiga karanta abin da aka ɗauke shi ya ƙona. Matarsa ta kai ƙararsa, aka sa shi ya ƙona gidansa da kansa, ya kashe shugabansa Beatty, ya bi kogi ya gudu daji. A can ya tarar da wasu mutane suna yawo a gefen tsohon titin jirgin ƙasa, kowannensu ya haddace littafi ko sashen littafi, suna jiran ranar da za a sake buƙatarsu.

Shi ke nan labarin. Yanzu ga abin da mutanena suka yi da shi.

Ɗalibin jami'ar da ya sayo shi, da tawada ja ya yi rubutunsa, kuma duk inda Beatty ya buɗe baki sai ya rubuta kalma ɗaya a gefe: gwamnati. A wajensa magana a fili take. Masu mulki ba sa son talaka ya waye, don haka suke tsoron littafi, don haka suke tsoron jarida da rediyo. Yana faɗa yana buga benci har kofin shayi na rawa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Bradbury ya rubuta littafin a lokacin da ake farautar marubuta da 'yan fim a Amurka da sunan kwaminisanci, kuma yana yaro ya ji labarin daren 10 ga Mayun 1933, da ɗalibai suka tara littattafai wajen 20,000 a wani dandali a Balin suka cinna musu wuta. Ɗalibai fa, ba sojoji ba. Na nuna wa ƙanen nawa wannan, ya ce to ai sa su aka yi.

Wanda ya tare shi wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ba ya shan shayinmu saboda sukari amma ba ya fashin zama. Ya ce, “Yaro, wace gwamnatin? Ka faɗi sunanta mana.” Shi yana aji na sama a firamare ranar 24 ga Fabrairun 1966, da sojoji da 'yan sanda suka kifar da Kwame Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Ya ce abin da ya fi tunawa shi ne saurin da mutane suka yi. Jiya yara na yawo da kayan Matasan Nkrumah, yau iyaye na cusa kayan ƙarƙashin katifa. A Ankara, tamu ta bakin teku ba ta Turkiyya ba, an tumɓuke gunkinsa daga gaban majalisa har kan ya rabu da jiki, an kuma tara littattafansa ana ƙonawa. Mahaifin dattijon nan, wanda ko baƙi ɗaya na boko bai iya ba, ya naɗe wani littafin Nkrumah da aka ba shi kyauta a tsumma ya tura cikin rumbun dawa. Ba don ya san abin da ke ciki ba. Ya ce abin da aka yi maka kyauta ba ka miƙa wa wuta.

Ɗalibi ya ce to ka gani, sojoji ke nan. Dattijo ya ce saurara, ban gama ba. Shi Nkrumah da aka ƙona wa littattafai, gwamnatinsa ce ta yi dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, dokar da J. B. Danquah, wanda shi ma marubuci ne, ya mutu a ƙarƙashinta a kurkukun Nsawam a Fabrairun 1965. Gwamnatinsa ce kuma a 1964 ta kafa kwamitin da zai bi kantunan littattafai da ɗakunan karatu ya tsince abin da bai dace da aƙidar jam'iyya ba. Bayan shekara ashirin da wani abu, zamanin Rawlings na soja, shirun da ya rufe ƙasar nan ya kai har Farfesa Adu Boahen ya tsaya a gaban jama'a a 1988 ya kira shi da sunansa, kuma shekarar da ta biyo baya aka yi dokar da ta ce jarida ba za ta fito ba sai da lasisi. Dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓatanci ma sai a 2001 aka soke ta. Ya ce, “Kowa da ka ji na ambata, ranar da yake ƙasa kukan a bar shi ya yi magana yake. Ranar da ya hau sai ya gano akwai maganar da bai kamata a bari ba.” Wurin ya yi tsit, domin a kan bencin nan akwai 'yan jam'iyyar lema akwai 'yan jam'iyyar giwa, kuma kowa ya ji an taɓa nasa.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta karanta shi a daren aiki, ita wutar ma ba ta dame ta ba. Abin da ya tsaya mata shi ne wurin da Mildred ta shanye kwalbar maganin barci, aka turo mutum biyu da inji suka zuƙe mata ciki suna busa sigari, ba likitoci ba ne ma, domin abin ya yi yawa a garin har ya zama aikin leburanci. Da safe matar ta tashi tana neman abin kari, ba ta san an yi ba. Ta ce ita ta ga gidansu ne a littafin: mutum shida a tsakar gida, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, tuwo na hucewa. Da fensir ta yi nata rubutun, sau ɗaya, ƙanana.

Sai wani malamin addini da muke zama da shi. Na ɗauka zai ƙi karantawa, sai ga shi ya fi kowa saurin gamawa, ya kuma dawo yana murmushi. Ya ce, “Wai ƙarshen nan ne ya ba Turawa mamaki? Ai hadda ce.” Jama'a, dariya muka yi, amma ku duba maganar. Abin da Bradbury ya ɗauka a matsayin dabarar ƙarshe ta ɗan Adam bayan komai ya rushe, shi ne abin da yaro ɗan shekara goma ke yi kowace asuba a makarantar allo a bayan gidanku. Ya rubuta, ya karanta, ya wanke, abin ya koma ƙirji. Malam ya ce idan yau aka kwashe duk wani Mus'hafi da ke Tamale, kafin Juma'a mai zuwa alarammomi sun zauna sun rubuto shi ba ragin wasali ɗaya. Ya ƙara da cewa ba kowace ƙonawa ce wulaƙanci ba: takardar da ke da sunan Allah in ta tsufa ƙonawa ake yi ko a binne don kar a taka, kuma Sayyidina Usman da ya tara al'umma a kan Mus'hafi guda ya sa an ƙone sauran kwafe-kwafen don gudun saɓani. Na ce Allah gafarta malam, wannan gaskiya ne, amma can tsare nassi ake yi kar ya rarrabu, kuma waɗanda suka yi aikin sun fi kowa sanin abin da ke cikin takardun. Ya ce haka ne.

Ni kuma na tambaye shi abin da ya rage masa murmushin. Na ce Alƙur'ani Allah ya yi alkawarin tsare shi, ga mahaddata kuma. To sauran fa? Akwatin ƙarfen nan na kakansa da ke ƙarƙashin gado, yaushe rabon da a buɗe? Ya yi shiru, sannan ya ce bara ya buɗe, rabin takardun sun zama gari. Gara. Wasiƙun fatake ne na zamanin cinikin goro, da waƙoƙin ajami, da lissafin bashi, da sunayen waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu. Babu wanda ya haddace waɗannan. Hanyar da ta bi ta gefen unguwar nan ta nufi Salga, ta nan malamai irin su Alhaji Umaru suka cika ƙasar nan da rubutu. A Kano aka haife shi, ya zauna Salga, yaƙin basasar 1892 ya sa ya koma Kete-Karachi, can ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara da kan talauci da wadata. Da yawa daga abin da muke da shi na irin waɗannan malamai ya tsira ne saboda a shekarun 1960 masu bincike daga jami'ar Legon sun bi gida-gida suna aron takardu, su ɗauki hotonsu, su mayar wa masu su. A Tumbutu, da 'yan bindiga suka cinna wa takardun cibiyar Ahmad Baba wuta a Janairun 2013, duniya duk ta ɗauka, kuma sai aka tarar mutanen gari sun riga sun sulale da dubun dubatar takardu zuwa Bamako a cikin akwatuna, wasu a mota wasu a kwalekwale. Mai ƙonawa ana ganinsa, ana iya guje masa. Akwatin malam kuwa ba wanda ya kai wa hari.

Amma duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Hajiya ce, mai sayar da atamfa, uwar 'yan mata huɗu, wadda aka riƙa fassara wa. Ita kaɗai ce cikinmu ta fito fili ta ce tana tare da Beatty. Akwai wurin da yake yi wa Montag bayanin yadda abin ya faro, cewa ba daga sama aka fara ba: mutane ne da kansu suka rage karatu, kowace ƙungiya kuma ta ce wannan littafin ya zage ta, wancan ya taɓa ta, a cire, a cire, har ba abin da ya rage, sannan hukuma ta zo ta sa hannu a kan abin da jama'a suka riga suka so. Hajiya ta ce, “To ina laifi? Ku maza kuna zaune kuna falsafa. Ni nake shanya kayan yaran nan, ni nake ganin abin da ke ƙarƙashin matashinsu. In na ga guba a ɗakina sai in tsaya yin muhawara da ita?” Ɗalibi ya so ya yi mata ihu, dattijo ya daka masa tsawa. Kuma gara da ya yi, domin Hajiya ba azzaluma ba ce. Tsoronta na gaske ne, kuma akwai rubutun banza a duniya, kar wani ya yaudare ku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai abin da Hajiya ke so an taɓa gwada shi, da harshenmu, a garin da yawancinmu ke kira tushe. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 Kano ta cika da ƙananan littattafan hikaya da marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu, waɗanda aka fi sani da littattafan soyayya. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa ta yi Allura Cikin Ruwa, Balaraba Ramat Yakubu ta yi Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila. Masana suka rabu biyu. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su yi ƙarko ba, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi shekaru ana gwabzawa a shafukan jarida. Wannan faɗa mai kyau ne, faɗan waɗanda suka karanta. Ana nan aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taro a wata makarantar 'yan mata, aka tara irin waɗannan littattafai aka ƙona a bainar jama'a, da hujjar suna ɓata tarbiyya. A shekarar ce kuma Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar tacewa, ya ce marubuta ma su zo su yi rajista, su kawo abin da suka rubuta a duba kafin ya shiga kasuwa. Marubuta suka yi tsaye, aka kai ruwa rana. A ɓangaren fim har ɗauri aka yi, Hamisu Lamido Iyan-Tama ya shiga kurkuku a ƙarshen 2008.

To, tambayata ga Hajiya ita ce: cikin wannan tsibin da aka ƙona, wa ya zauna ya ware? Domin a cikin wannan adabin akwai shirme, na yarda, amma a cikinsa ne mata suka fara faɗa da bakinsu abin da auren dole ke yi wa yarinya, da halin da uwargida ke shiga in miji ya watsar da ita da 'ya'ya tara ya tare a ɗakin amarya. Balaraba, ƙanwar Janar Murtala, ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, a ajin yaƙi da jahilci ta ƙarasa karatunta. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Dubban matan aure a Arewa da waɗannan 'yan littattafai suka riƙe karatunsu bai zube ba. Wuta ba ta san wannan bambancin ba, duk takarda ce a wajenta.

Kuma me aka samu? Ku je kasuwa yau ku nemi masu hayar littafi, sun yi ƙaranci. Labaran ba su mutu ba, waya suka koma. Ana rubuta su babi-babi ana turawa a rukunonin WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu da sunan aro, ana biyan kuɗi ta waya a shiga. Wasu na da kyau, wasu kuma sun yi munin da marubutan da aka ƙona wa littattafai ko a mafarki ba za su rubuta ba, domin a da marubuci sunansa da hotonsa na jikin bango, ya san surukarsa na iya gani. Ban ce ƙonawar ce kaɗai ta jawo haka ba, tsadar takarda da zuwan waya sun yi nasu. Amma littafin da ke ƙarƙashin matashi, Hajiya na iya ɗagawa ta gani, ta sa a karanta mata, ta kira yarinya ta ce zo nan, wannan da ya yi wa wannan alkawari kin ga alamar mai cikawa ne? Wanda ke cikin waya mai lambar sirri fa? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hajiya ta ce ita dai ba ta sauka daga ra'ayinta ba, amma ta nemi a sake karanta mata wurin tsohuwar nan mai ashana.

Wani abin ban dariya, shi kansa littafin nan bai tsira ba. A 1967 kamfanin da ke buga shi ya fitar da wani bugu na 'yan makaranta, aka gyara wurare wajen 75, aka cire zagi da kalmomin da ake ganin ba su dace da yara ba, ba tare da an gaya wa mai shi ba. Daga 1973 har 1979 wannan tatacce kaɗai kamfanin ke sayarwa, sai da Bradbury ya gano ya tayar da ƙura aka mayar da na asali. Ba soja ya yi ba, ba ɗan sanda ba. Wasu mutanen kirki ne a ofis, masu son kare yara. Shi kuma Bradbury da ya tsufa, a 2007, shekarar da hayaƙi ke tashi a Kano, cewa ya yi masu karatu sun yi masa gurguwar fahimta, shi talabijin yake nufi da yadda take kashe sha'awar karatu. Ɗalibinmu da ya ji haka ya ce tsufa ne. Ma'aikaciyar jinya ta ce ai ta faɗa. Mutumin da ya rubuta tushen labarin cikin kwana tara a ƙarƙashin ginin laburaren jami'a, yana jefa sulalla a tafiretar haya duk rabin awa, ga shi ya rasa ikon gaya wa mutane abin da littafinsa ke nufi. Ni a ganina hakan daidai ne, kuma ya fi komai nuna me ya sa ba a ba mutum ɗaya wuƙa da nama a kan abin da sauran za su karanta.

Na lura da abu guda a rubutun gefen nan. Mu duka, ban da Hajiya, kowa ya ɗauki kansa Montag ne bayan ya tuba, ko Clarisse, ko ɗaya daga mahaddatan daji. Babu wanda ya rubuta a gefe cewa ga ni nan riƙe da tiyo. Amma da na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce, tsakaninka da Allah, babu littafin da in an ba ka iko za ka hana shi shiga garin nan? Kowa yana da shi. Na ɗalibi na siyasa ne, na malam na wata ɗariƙa ce da ba tasa ba, dattijo ma da ya gama yi mana tarihi ya ce akwai guda biyu. Laifi tudu ne. Kuma tunda na tambayi kowa, dole in faɗi nawa, ko da yake ban faɗa a majalisa ba, sai yanzu da ba na ganin fuskar kowa.

Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, ina saurayi mai ji da sabon ilimi, ƙanwata tana da shekara goma sha biyar. Kun san a ƙasar nan ba a koyar da Hausa a makarantun gwamnati. Dagbanci ake koyarwa a nan, da Gwanjanci a can, mu kuwa muna jin Hausa a gida da kasuwa da rediyo, amma da yawanmu ba mu iya karanta ta a boko ba. Ita da kanta ta koya, daga littattafan da wani ɗan kasuwa ke haɗowa da kasakasan fim daga Kano. Tana bin layi da yatsa, tana motsa baki, in ta ci karo da ƙa mai lanƙwasa ta tsaya ta gwada. Wata ranar Asabar na shigo gida da la'asar, na tarar da miya na ƙonewa a kan murhu, ita tana zaune a kan turmi da aka kifa, kanta a cikin littafi. A ranar na ji wa'azi mai zafi a kan irin waɗannan littattafai. Ban yi sallama ba. Na fizge shi, na sauke tukunyar, na cusa shi cikin garwashi, na sa itace na danne. Na tuna yadda bangon ya naɗe, fuskar matar da ke jiki ta kumbura ta yi baƙi, da warin roba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Yaya, na haya ne.” Ta biya kuɗinsa daga abin da take tarawa na sallah. Innarmu ta ce na kyauta, kuma har na kwanta ina jin na yi aikin lada.

Ban karanta ko layi ɗaya a cikinsa ba. A lokacin ma ban iya ba.

Makon jiya, da littafin Bradbury ya dawo hannuna, na kira ta. Tana Kumashi yanzu da 'ya'yanta biyar, kuma ita ke rubuta wa ƙungiyar matan unguwarsu takardun taro da Hausa. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ko ta tuna ranar nan. Ta yi dariya ta ce, “Yaya, ai na yafe tun tuni. Abu ɗaya ne dai, kashi na biyu ne, saura shafi kaɗan in gama. Har yau ban san ko an bar yarinyar ta koma makaranta ba.” Na ce ta gaya mini sunan littafin, akwai direban da ke zuwa Kano, zan sa a nemo mata ko nawa ne. Ta yi shiru tana tunani, ta kawo suna ɗaya ta ce a'a ba shi ba ne, ta kawo wani ta ce shi ma ba shi ba. Sannan ta ce, “Kai da ka riƙe shi a hannunka, ba ka duba ba?”